Nazarin Lamari: Yadda Wata Mai Karatun Labaran Zane Ta Yanke Shawarar Zuwa Taron Masoya Karo na Farko

## Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa tana da shekara 29 lokacin da abin ya fara, kuma ma'aikaciya ce a sashen lissafi na wani kamfani, inda take aiki daga Litinin zuwa Juma'a. Tun tana 'yar shekara 11 take karanta littattafan labaran zane, wato komik. Ta fara ne da wani kwali da yayanta ya bari a ƙarƙashin gado sa'ad da ya tafi jami'a, daga baya ta ƙara da ƙagaggun labaran kimiyya, musamman masu magana a kan tafiya sararin samaniya da rayuwa a wasu duniyoyi. Ba ta cikin wata ƙungiyar masoya, ba ta zane, ba ta taɓa yin shigar kwaikwayon wani jarumin labari ba, kuma a wurin aikinta mutum ɗaya ne kawai ya san tana da wannan sha'awa.

Sha'awar zuwa taro ta samo asali ne daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka soke Comic-Con, babban taron masoya komik na San Diego a Amurka, a karo na farko cikin shekara 50, masu shirya shi suka saka zaman tattaunawarsu a intanet kyauta. A nan ta fara ganin marubuta da masu zane suna bayanin yadda suke aiki, ta ji a ranta cewa wata rana za ta so ta zauna a irin wannan ɗaki da kanta. Bayan da taruka suka dawo yadda aka saba, sai tambayar ta tsaya mata a gaba, ta je ko kada ta je, kuma sai da ta yi kimanin wata 20 kafin ta ba ta amsa.

Idan aka tambaye ta abin da ke hana ta, abu uku take ambata. Na farko cunkoso, domin ta taɓa fita daga wani zaure mai cike da jama'a zuciyarta na bugawa da ƙarfi, hannunta na rawa, ko da yake ba ta taɓa kai maganar gaban likita ba. Na biyu kuɗi. Na uku rashin abokin tafiya. Akwai na huɗu da ba ta faɗa ba sai can daga baya, shi ne tsoron kada wani ya yi mata tambaya a kan tsofaffin fitowar wasu labarai ta kasa amsawa, a gane cewa ita ba cikakkiyar masoyiya ba ce. Bayanan da ke nan an samo su ne daga bakinta, da bakin yayanta, da wani ƙaramin littafi da take rubuta lissafin kuɗinta a ciki.

## Wata na 1 zuwa na 3: bincike ta allon waya

Watanni uku na farko ta yi su ne tana kallon bidiyon taruka da daddare bayan ta dawo daga aiki. Kusan duk abin da ta kalla na manyan taruka ne, domin su ne masu ɗaukar bidiyo suka fi zuwa. Taron San Diego, wanda ya fara a 1970 da mutane kimanin 300 a wani otal, yanzu yana tara sama da mutum 130,000 a cikin kwana huɗu na watan Yuli. Babban zaurensa da ake kira Hall H yana ɗaukar mutum wajen 6,500, kuma duk da haka mutane kan kwana a layi a waje don su samu kujera, saboda ba a fitar da waɗanda suka riga suka zauna idan an gama wani zama za a shiga wani. Bajin shiga ma ba a sayensa yadda ake sayen tikitin jirgi. Sai mutum ya yi rajista tun da wuri, ya shiga ɗakin jira na intanet watanni da dama kafin taron, kwamfuta ta jera masu jira ba tare da la'akari da wanda ya riga zuwa ba, wasu su samu, da yawa su tashi hannu rabbana.

Ta kuma ga taron Comiket na Tokyo a ƙasar Jafan, wanda ya fara a Disambar 1975 da mutum kimanin 700, ya kai mutum 750,000 cikin kwana huɗu a Disambar 2019. Ta ga na New York, wanda ake yi tun 2006. A dukkan bidiyon, kyamara tana bin masu shigar kwaikwayo ne, masu sulke da fukafukai da takubban roba, har ta ɗauka cewa wanda ya zo da kayan gida shi ne baƙo a wurin.

A ƙarshen wata na 3 ta rubuta a littafinta cewa idan za ta je, to sai dai ta je babba, ta yi kwanakin duka, kuma ta je da shiga.

## Wata na 4 zuwa na 7: yunƙuri na farko

A wata na 4 ta sayi tikitin kwana uku na taro mafi girma da za ta iya isa cikin tafiyar yini ɗaya, wanda ke tara dubun dubatar mutane, ta kuma kama ɗakin otal na dare biyu. Sannan ta shiga haɗa shiga. Ta zaɓi kayan wata matuƙiyar jirgin sararin samaniya daga wani labari da take so, wanda ya ƙunshi sulken ƙirji, da na kafaɗu, da kwalkwali mai rufe fuska. Ta sayi faifan soso mai tauri irin wanda masu wannan sana'a ke yankawa, da gam, da wuƙar yanka takarda, da fenti, ta riƙa aiki awa ɗaya zuwa biyu kowane dare har tsawon mako bakwai.

Aikin bai tafi yadda bidiyon koyarwa ke nunawa ba. Ba ta shafa wa soson abin da ke toshe ƙofofinsa kafin fenti ba, don haka ya shanye fentin farko, na biyu kuma ya tsattsage a duk inda sulken ke lanƙwasa. Kwalkwalin ya matse ta, kuma da ta sa shi minti biyu sai gilashin idonta ya yi hazo, ba ta ganin gabanta. Saura kwana 10 taro ta karanta dokokin wurin a karo na farko, ta tarar cewa duk wani abu mai kama da makami sai an duba shi an ɗaura masa alama a bakin ƙofa, kuma mai rufe fuska dole ya cire idan jami'an tsaro suka buƙata. Dokokin ba su da tsanani, amma sun nuna mata cewa za ta tsaya a layi biyu maimakon ɗaya, cikin kayan da ba ta iya numfashi sosai a ciki.

Daren tafiya ta haɗa jaka, ta saka sulken a cikin kwali, ta kwanta ba ta yi barci ba. Da gari ya waye ba ta fita ba. Ta ce wa yayanta mura ce ta kama ta. Wa'adin mayar da kuɗin tikiti ya riga ya wuce da wata guda, bajin kuma da sunanta a jiki, ba a yarda a ba wani ba, otal ɗin ya riƙe kuɗin dare na farko kamar yadda sharaɗin kama ɗakin ya tanada. Da ta haɗa tikiti da otal da kayan haɗa shiga, asarar ta kai kimanin kashi 60 cikin 100 na albashinta na wata ɗaya. Ta rubuta adadin a littafinta, ta ja layi biyu a ƙarƙashinsa, ba ta sake buɗe maganar taro ba har wata huɗu.

## Wata na 11 zuwa na 14: yunƙuri na biyu

A wata na 11 abokiyar aikinta, wadda ita ce ta san da sha'awar, ta ce ita ma tana so ta ga irin wannan taro, suka yi alkawarin zuwa tare. Wannan karon matar ta ƙi sayen komai sai abokiyar ta fara saya. Abokiyar ta yi ta cewa gobe, jibi, har tikitin ranar Asabar ya ƙare, daga baya kuma aka hana ta hutun da ta nema. Ba a yi asarar ko kwabo ba. Abin lura shi ne abin da matar ta faɗa daga baya, cewa lokacin da abokiyar ta ba ta haƙuri, sanyi ta ji a ranta maimakon takaici.

A wannan tsakanin ta nemi shawarar wasu mutum biyu da suka saba zuwa taruka, waɗanda abokiyar ta haɗa ta da su. Dukansu amsa ɗaya suka ba ta, cewa ta je kawai, za ta ji daɗi, kowa a wurin ɗan'uwa ne. Da zuciya ɗaya suka faɗa, sai dai amsar ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin abubuwan da ke damun ta ba.

## Wata na 15 zuwa na 19: sauya tambayar

A wata na 15 yayanta ya kawo mata ziyara, ya ga kwalin sulken a bayan ƙofa da fentinsa a tsattsage, ta ba shi labarin abin da ya faru na gaskiya. Bai yi mata faɗa a kan kuɗin ba. Tambaya ɗaya ya yi mata.

"Ƙanwata, wai shin me kike so ki gani a can ɗin?"

Ta ce, "Wallahi Yaya, ban taɓa zama na lissafa ba."

Suka zauna suka lissafa. Abu uku ne suka fito. Tana so ta ga mai zane yana zane da hannunsa a gabanta. Tana so ta sayi wani abu daga hannun wanda ya zana shi. Tana so ta saurari marubuta suna bayanin yadda suke ƙirƙirar duniyar da babu ita har mai karatu ya yarda da ita. Babu taurarin fim a jerin, babu sanarwar sababbin finafinai, babu gasar shiga. Yayan ya ce to ta nemi inda ake yin waɗannan ukun, ta bar sauran.

Da ta sake bincike da wannan jeri a hannu, sai ta gano cewa abin da take kira taro kala biyu ne, ko ma fiye. Akwai manyan taruka masu zauren kasuwa, inda taurarin fim ke zuwa, kuma a yawancinsu sa hannun tauraro ko ɗaukar hoto da shi kuɗi ne daban ban da na shiga. Akwai kuma tarukan da masoya ke shiryawa da kansu a matsayin 'yan sa-kai, waɗanda asalinsu ya girmi na farkon. Fitacce a cikinsu shi ne Worldcon, taron masoya ƙagaggun labaran kimiyya, wanda aka fara a New York a 1939 da mutane kimanin 200, yake kuma sauya gari kowace shekara, misali Dublin a 2019 da Glasgow a 2024. A irin wannan taro mutum rajistar zama mamba yake yi, mambobi ne ke jefa ƙuri'ar lambar yabo ta Hugo, ta fitattun ƙagaggun labaran kimiyya, da aka fara bayarwa a 1953, kuma a mafi yawan shekaru mahalarta 'yan dubbai ne. Marubuta kan sa hannu a littafi kyauta, akan kuma shirya ƙaramin zama inda mutum goma ko makamancin haka za su kewaye tebur ɗaya da marubuci su yi hira. Shigar kwaikwayo ma a can take da tushe, domin a taron 1939 ɗin ne wasu masoya biyu, Forrest Ackerman da Myrtle Douglas, suka bayyana cikin kayan mutanen zamani mai zuwa, amma su biyu ne cikin ɗari biyu. Ta kuma karanta labarin bikin komik na garin Angoulême a Faransa, wanda aka fara a 1974, inda littafi da mai zanensa ne kan gaba. Ba ta yi niyyar zuwa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba saboda nisa, amma sun nuna mata abin da za ta nema a kusa.

A wata na 16 ta samu wani matsakaicin taro na kwana uku, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa, mai tara 'yan dubban mutane, wanda ke sayar da tikitin yini ɗaya, yake kuma da layin teburan masu zane da ƙananan ɗakunan tattaunawa. Kafin ta biya kuɗi ta yi abin da ba ta yi ba a karon farko, wato ta karanta dokokin wurin daga farko har ƙarshe. Ta tabbatar cewa mai baji yana iya fita ya dawo, cewa akwai ɗakin hutawa da aka hana surutu a ciki, da kuma cewa akwai rubutacciyar doka a kan cin zarafi da wanda za a kai wa ƙara. Irin wannan doka ta zama ruwan dare a taruka, musamman bayan da taron New York ya kafa manyan alluna a 2014 masu tunatar da cewa shigar da mutum ya yi ba ta ba kowa izinin taɓa shi ko ɗaukar hotonsa ba. Ta kuma bar kallon bidiyon da aka gyara, ta nemi hotunan da mahalarta suka ɗauka a tsaye cikin zaure, ta ga cewa mafi yawan mutanen da ke bayan hoton riga da wando ne a jikinsu, da jaka a baya.

A wata na 17 ta gwada kanta a wani ƙaramin baje kolin littattafai, ta tsaya awa ɗaya cur a lokacin da ya fi cika. Gwajin ya nuna mata abin da ba ta sani ba game da kanta. Yawan mutane bai dame ta ba muddin tana ganin ƙofar fita. Abin da ke tayar mata da hankali shi ne ƙara, musamman idan lasifika da surutun jama'a suka haɗu a ƙarƙashin dogon rufi. Ta sayi abin toshe kunne mai rage ƙara ba tare da hana jin magana ba.

A wata na 18 ta sayi tikitin ranar Lahadi kaɗai. Ta zaɓi Lahadi ne saboda a yawancin taruka Asabar ce ranar da ta fi cika, ita ce ranar manyan baƙi da gasar shiga, Lahadi kuwa ta fi sauƙin jama'a kuma tikitinta ya fi araha. Ba ta kama otal ba. Ta kasa kuɗin tafiyar gida uku, na tikiti da jirgi, na abinci, da na saye-saye, ta ƙayyade cewa jimillar ba za ta wuce kashi 15 cikin 100 na albashin wata ba, na saye-sayen kuma ta cire shi a hannu ta saka a ambulan, don idan ya ƙare ya ƙare. Da jadawalin taron ya fito a wata na 19 ta zaɓi zama biyu na tattaunawa da ziyarar layin masu zane, ta ɗauki hoton jadawalin da taswirar zauren ta ajiye a waya. A ƙasan shafin ta rubuta sharaɗi ɗaya, cewa idan ta yi awa biyu a ciki tana da 'yancin tafiya gida, kuma za a lissafa cewa ta je.

## Wata na 20: ranar taro

An buɗe ƙofa ƙarfe 10 na safe, ita kuwa da gangan ta isa 10:45, bayan turmutsutsun buɗe ƙofa ya lafa. Ta sa takalmin da ta saba tafiya da shi, ta riƙe ƙaramar jaka mai ɗauke da gorar ruwa, da fawa banki, da wani fayil mai tauri don kada takardun da za ta saya su lanƙwashe. Layin karɓar baji da duba jaka ya ci minti 20.

Kuskuren farko na ranar shi ne shiga zauren 'yan kasuwa kai tsaye, saboda shi ne ke fuskantar ƙofa. Hanyoyin tsakanin rumfuna ƙunci ne da su, wata rumfa tana kiɗa, wata tana kiran lambobin caca ta lasifika, ga masu manyan fukafukai suna tsayawa a tsakiyar hanya ana ɗaukar su hoto. Bayan minti 25 zuciyarta ta fara bugawa irin na wancan karon. Ta duba taswira, ta nufi ɗakin hutawa, ta tarar da kujeru a jere da fitila mai laushi da mutum biyar ko shida, kowa yana sha'aninsa. Ta zauna minti 15, ta sha ruwa, ta saka abin toshe kunnen da ta manta da shi a aljihu tun shigowa, sannan ta fita ta bi ta gefen bango zuwa layin masu zane.

A nan ta fi daɗewa. Tebura ne ƙanana a jere, kowane da mai shi a zaune a baya, zane-zanensa a rataye a kan waya. Ta tsaya a gaban wani dattijo da ke bin zanen fensir da tawada. Fensirin shuɗi ne mai haske, da ta tambaya ya ce irin wannan shuɗin ba ya fitowa idan an ɗauki hoton shafin don bugawa, shi ya sa ba sai an goge shi ba. Yana riƙe da siririn buroshi can kusa da bakinsa, yana jan layi ɗaya ya fara da kauri ya ƙare kamar gashi, idan tawada ta zarce sai ya ɗiga farin fenti a wurin ya hura. Ya ɗaga mata wani cikakken shafi na asali ta ga ya fi wanda ke cikin littafi girma sosai, ya ce a tsarin Amurka a kan kwali mai inci 11 da 17 ake zana shafi, sannan a rage shi wajen bugawa, kuma ragewar ce ke sa layukan su fito a tsuke da tsafta. Sama da shekara 18 tana karanta waɗannan littattafai ba ta san haka ba. Ta sayi kwafin wani zanensa, ta kuma ba shi aikin ƙaramin zanen matuƙiyar jirgin da ta so ta yi shigarta, ya rubuta sunanta a takarda ya ce ta dawo bayan awa ɗaya. Bai tambaye ta ko ta karanta wani abu ba.

Zaman tattaunawa na farko ya wuce ta. Ɗakin kujera 80 ne, ta isa saura minti biyar a fara, ta tarar an rufe ƙofa, ɗan sa-kai yana ba mutane haƙuri. Na biyu ta isa saura minti 25, ta samu kujera a bakin layi kusa da ƙofa. Marubuta uku ne suka yi awa ɗaya suna muhawara a kan ko ya kamata marubuci ya san tsarin kuɗi da noma na duniyar da ya ƙirƙira, ko da ba zai taɓa ambata su a labarin ba. Ta cika shafi biyu da rubutu.

Abin da take tsoro ya faru sau ɗaya, a layin wannan zama. Wani mutum da ya ga zanen da ke hannunta ya tambaye ta ko ta karanta fitowar farko ta labarin, ta ce a'a, sai ya shiga zayyana mata lambobin fitowa da shekaru har na kusan minti goma ba tare da ya jira amsa ba. Ta ce ba ta ji an raina ta ba, gajiya kawai ta yi, da aka buɗe ƙofa ta zauna nesa da shi. Sau ɗaya kuma ta nemi izinin ɗaukar hoton wata mai shigar sulke, matar ta yarda, har ta nuna mata inda nata fentin ya tsage ta rufe da baƙin tef. Sadarwar waya ta yi rauni a cikin zauren saboda yawan masu amfani da ita, hoton jadawalin da ta ajiye ne ya yi mata aiki.

Ta fita ƙarfe 3:30 na yamma, awa ɗaya da rabi kafin a rufe. Jimillar zamanta awa huɗu da minti 45.

## Makonnin da suka biyo baya

Kwana uku bayan taron maƙogwaronta ya fara ciwo, ta yi mura ta kusan mako guda, abin da ya saba samun masu zuwa taruka saboda cuɗanya a rufaffen wuri. Ƙafafunta sun yi tsami kwana biyu. Ambulan ɗin saye-saye ya dawo da ɗan saura, amma abincin cikin zaure ya fi yadda ta ƙiyasta tsada, jimillar ta kai kashi 16 cikin 100 maimakon 15. Da aka buɗe rajistar shekara mai zuwa ta sake sayen tikitin Lahadi, ta kuma cika takardar neman aikin sa-kai na awa huɗu a ƙofar ɗakunan tattaunawa. Ba ta koma kan haɗa shiga ba, ba ta kuma sake neman tikitin babban taron ba.

## Abin da ya gaza, da abin da ya yi aiki

Yunƙuri na farko ya gaza ne tun kafin daren da ba ta yi barci ba. Ta ɗauki taro mafi girma a matsayin ma'aunin dukkan taruka, sannan ta ɗora wa kanta abu huɗu a lokaci guda waɗanda ba ta taɓa yin ko ɗaya ba: kwana uku cikin dubban mutane, kwana a baƙon gari ita kaɗai, sana'ar haɗa sulke, da yawo cikin kayan da ke jawo ido. A ganina shigar ce ta fi cutar da ita, domin ta haɗa ta ne don ta zame mata shaidar cancanta, amsa ga tsoro na huɗu da ba ta furta ba, kuma da fentin ya tsage sai shaidar ta tsage tare da shi. Biyan kuɗi da wuri, wanda wasu ke ganin yana tilasta wa mutum cika niyya, bai tilasta mata komai ba, nauyin asara kawai ya ƙara mata.

Yunƙuri na biyu ya miƙa shawarar ga hannun wata, kuma sanyin da ta ji da aka fasa ya nuna cewa rashin abokin tafiya bai taɓa zama ainihin matsalar ba. Shawarar da ƙwararrun suka ba ta ita ma ta gaza, saboda wanda ya je taro sau goma ya riga ya manta abin da ba a sani ba a karo na farko.

Abin da ya yi aiki ya fara ne daga tambayar yayanta. Muddin tambayar ita ce a je ko kada a je, babu wani bayani da zai amsa ta, domin a bayanta akwai wata tambayar a kan ko ita wace ce. Da ta koma wane taro, wace rana, don ganin me, da nawa, sai kowane ɓangare ya zama abin da ma'aikaciyar lissafi za ta iya dubawa ta auna. Gwajin awa ɗaya a baje kolin littattafai ya raba mata cunkoso da ƙara, ya mayar da babban tsoro abin da ake magancewa da ɗan abu mai shiga aljihu. Sharaɗin awa biyu kuwa, ina ganin shi ne ya sa ta yi kusan awa biyar, saboda lokacin da zuciyarta ta buga a zauren kasuwa tana da wurin zuwa da izinin tafiya, ba ta ji an kulle ta ba.

Akwai iyakar abin da za a ɗauka daga lamarin. Matsalar ƙara da cunkoso ba ta warke ba, an dai kewaye ta ne, kuma idan ta tsananta magana ce ta likita. Zaɓin Lahadi da ƙaramin taro ya dace da ita ne saboda abubuwa ukun da take so duk suna samuwa a nan. Wanda burinsa ganin taurarin fim ne, ko shiga gasar shigar kwaikwayo, dole ya nufi babban taro ranar Asabar, ya tanadi kuɗin sa hannu da na hoto daban, ya kuma shirya wa tsayuwar awoyi a layi.